Abubuwan da Za Mu Tura Ƙannenmu Su Nemo

Mu ƴan ajin ƙarshe aka ɗora wa shirya wa ƙannenmu wasa kafin hutun bana, sai muka zaɓi wasan nemo-ka-kawo. Za a raba yara rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni takarda mai sunayen abubuwa 7, wanda ya riga haɗo su kafin la'asar shi ya ci.

Gardamar da muka sha a kan abin da za a rubuta ne. Wasu suka ce a sa alewa da biro da katin waya. To ai in haka ne ɗan mai kuɗi ya gama cin wasa, Kasuwar Dole kawai zai shiga ya sayo. Shi ya sa muka kafa doka: ba saye, ba ɗauka sai da izinin mai abu, kuma abin aro a mayar da shi ran nan.

Ga abin da muka tsayar. Alƙalamin gamba wanda aka feƙe da hannu. Ƙaro da gawayi, tunda da su ake haɗa tawada. Kuttu, ɗan goran da ake zuba ta. Ɗan aduwa guda, don yaro ya san itacen da ake sassaƙa allo da shi. Tsohuwar wasiƙa ta ajami, in mai ita ya yarda. Na bakwai gafaka, amma wofi, domin Alƙur'ani ba abin gudu da shi a titi ba ne.

Kawowa kaɗai ba ta isa ba. Sai yaro ya faɗi wa ya ba shi da kuma amfanin abin. Wallahi da yawa cikin ƙannenmu ba su taɓa ganin ana dama tawada ba, ta kwalba suka sani. Waɗannan kaya kuwa ba a samunsu sai wurin tsofaffin malamai da kakanninmu na Birni da Zango, dole yaro ya je ya durƙusa ya gaishe su, ya ji bayani daga bakinsu.

Iyayenmu na Damagaram, muna roƙonku: in yara sun yi sallama ranar Alhamis, ku ara musu, ku kuma ɗan zaunar da su ku faɗa musu yadda kuka yi karatu. Allah ya jiƙan malamanmu da suka rigaye mu.