Gardamar Fyaɗe A Motar Jangeru

Daga Kaduna na taso zuwa gaisuwar rasuwa a Jangeru. Muna wuce Kaura Namoda motar ta yi tsit, kowa ya zuba wa daji ido, har sai da rediyon direba ta kawo labarin wani da aka kama ya lalata ƙaramar yarinya. Nan take bakin kowa ya buɗe.

Wani dattijo a kujerar gaba ya rantse kisa ne kawai maganin masu fyaɗe. Da ya ji inda na fito, ya tambaye ni ko da gaske ana dandaƙe su a wajenmu. Na ce, Baba, dokar tana nan. A Satumbar 2020 Gwamna Nasir El-Rufai ya sa mata hannu: wanda ya yi wa yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba fyaɗe, dandaƙa da kisa. Michelle Bachelet, shugabar hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ta yi tir da ita. Wani malamin makaranta a bayana ya goyi bayan Bachelet, yana tsoron a kashe wanda aka yi wa ƙazafi. Na kuma tuna musu cewa rabon da a zartar da hukuncin kisa a Nijeriya tun 2016, a Edo.

Matar da ke gefena, jaririnta kwance a cinya tana yi masa fifita da bakin mayafi, ita ce ta kashe bakinmu duka. Cewa ta yi a ƙauyukansu maganar ba ta ma isa gaban alƙali. Iyaye su rufe saboda kunya, dangi su sasanta a zaure, in kuwa ɗan bindiga ne ya aikata, wa za a kai ƙara?

Sai na tuna da wata yarinya 'yar Tsafe da aka yi wa bulala 100 a 2001, mazan da ta ce sun lalata ta kuwa suka tafi abinsu don babu shaidu. Abin yana ci mini rai har yau.

Ni ma zuciyata tana tare da dattijon nan, ba zan ɓoye ba. Amma ba a hukunta wanda ba a kai ƙararsa ba. Iyayen Jangeru, Shinkafi da Zurmi, don Allah ku kai yarinya asibiti kafin awa 72 ta cika, lokacin da maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki, kuma a rubuta rahoton likita.