Katin da ke ƙasan akwatina

Tun ina aji uku a sakandare nake son kaki, kuma Kawu ne ya ja mini. Tsohon saja ne, yana cikin waɗanda suka je Laberiya da rundunar ECOMOG a shekarun 1990. Duk ranar da ya zo gidanmu sai in zauna ina goge masa takalmi don kawai in sha labarin horon da suka ci a Zariya. Da na shigo makarantar nan ma lissafina ɗaya ne: in gama HND, in yi bautar ƙasa, in cike fom ɗin DSSC, hanyar da sojan ƙasa ke ɗaukar masu digiri da HND su zama hafsoshi. Tsayi ina da shi, na wuce mita 1.68 da ake nema ga maza. Gudu kuwa, duk mai zuwa filin ƙwallo bayan asuba ya san fuskata.

Sai dai akwai wani katin asibiti a ƙasan akwatina.

Ina ND I Baba ya rasu. Na dawo bayan sadakar bakwai kamar ba komai, sai barci ya ƙaurace mini. In kwana ina kallon fanka, gari ya waye in kasa tashi ko wanka, balle lakca. Abinci ya fita raina. Darasi uku na faɗi a zangon nan. A gida wasu suka ce sammu, wasu suka ce iska. Aka yi ruƙiyya, na sha rubutu. Yayata mai aikin jinya ce ta kafe sai an kai ni asibitin ƙwaƙwalwa, wanda a unguwarmu ba a san shi da wani suna ba sai asibitin mahaukata. Likita ya ce ciwon damuwa ne. Wata tara ina shan magani, ya riƙa rage mini har ya tsayar. Yau shekara biyu da rabi rabona da shi.

To, cikin sharuɗɗan da sojoji ke bugawa akwai cewa mai nema ya zama lafiyayye a jiki da ƙwaƙwalwa bisa ma'auninsu. Da na nuna wa abokin ɗakina layin, dariya ya yi. "Kai ma dai! Wa zai sani? Fayil ɗinka takarda ce, tana can ƙura ta binne ta. In an tambaye ka, ka ce a'a ka wuce. Kana buɗe baki sun soke sunanka, ga dubbai a layi." Wallahi ban iya ce masa ƙarya yake ba. Na san an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma doka daban, abin da ke zuciyar mai tantancewa daban.

Da hutun Sallah na samu Kawu a ƙofar gida na zayyana masa komai. Na ɗauka shi ma zai ce in rufe bakina. Ya jima shiru, sannan ya ce, "Me ya fara kayar da kai?"

Na ce, "Rashin barci, Kawu."

"To, ɗana, barci shi ne abu na farko da aikin nan ke ƙwacewa. Za ka kwana uku a daji ba ka runtsa ba, bindiga cike a hannunka, ga yaran mutane a bayanka suna jiran umarninka." Ya rage muryar rediyonsa. "Kana tsammanin son labarai ne ke zaunar da ni a tabarmar nan har kiran sallah? Tun Laberiya ne. Mu ba wanda ya tambaye mu komai, da tafiya da dawowa."

Shekara nawa ina ganin rediyon nan, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Bai ce kada in je ba. Amma daga ranar tsorona ya canza wuri. Da ina tsoron a gano ni a kore ni. Yanzu abin da ke damuna shi ne in ɓoye, in samu, a tura ni Arewa maso Gabas, ciwon ya dawo, kuma babu wanda zan iya gaya wa tunda da bakina na ce ban taɓa yi ba.

Watan jiya na koma wurin likitana. Ya faɗa mini gaskiya: wanda ya taɓa yi ya fi wanda bai taɓa ba yiwuwar sake yi, kuma ba zai yi mini alkawarin komai ba. Amma ya rubuta rahoto, da ranar da na fara magani, da ranar da na daina, da halin da nake ciki yanzu. Na sa shi a ambulan ɗaya da takardar shaidar ƙaramar hukumata. In an tambaya zan miƙa.

Abokin ɗakina har yanzu wawa yake ce mini. Umma kuwa addu'arta a fili take yi: Allah Ya sa su ƙi ni. Gobe da asuba ina da zagaye goma a fili.