Jirgin Gwangwani da Darasin Layin Dogo

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ni na ga akwai sanin da ake rainawa don kawai a hannun yara aka gan shi. Ina nufin ƙere-ƙeren da yaran ƙasar Hausa ke yi da karan dawa da waya da gwangwanin madara. Yawancinsu mota suke yi, ni kuwa jirgin ƙasa ya ɗauki hankalina tun ina firamare a Haɗeja, kuma har yanzu da nake jami'a ban bar abin ba, ko da yake abokaina na ɗakin kwana suna yi mini dariya.

Layin dogo bai shigo Haɗeja ba. Wanda aka ja daga Kano zuwa Nguru, aka gama a 1930, ya bi tudu ne ta arewa da fadamar kogi, ya ratsa Ringim da Malam Madori da Birniwa. Saboda haka a Malam Madori na fara ganin dogo, a tashar da kakanninmu ke kai gyaɗa. Faɗin layin, wato tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ƙafa 3 ne da inci 6. Turawa na kiran irin wannan siririn layi, domin bai kai na ƙasarsu ba, mai ƙafa 4 da inci 8 da rabi, irin wanda aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016.

To, me ya sa aka kawo mana siriri? Ban fahimci amsar sosai daga littafi ba, sai da na zauna ina lanƙwasa waya. Filin da nake da shi faifan katako ne ɗan ƙarami, tilas layina ya yi kwana mai tsanani. Na ƙera tarago biyu da murafun kwalba a madadin ƙafafu, ɗaya dogo, ɗaya gajere. Gajeren ya sha kwana lafiya lau, dogon kuwa da ya iso wurin sai ya cije, ya yi tsalle ya bar layi. Da na matso da wayoyin biyu kusa da juna, na kuma rage tazarar ƙafafun gaba da na baya, sai tafiya ta yi daɗi.

Ga dalili. Ƙafafun jirgi biyu a jikin sandar ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa. Amma a kwana, ƙarfen waje ya fi na ciki tsawo. In layi ya yi zagaye cikakke, bambancin ya ɗan haura faɗin layin sau shida. Ke nan gwargwadon sirantar layi, gwargwadon sauƙin kwana. Mai siririn layi zai kewaye dutse maimakon ya fasa shi, ya kuma yi da ƙananan gadoji da ƙarfe marar nauyi. Wato araha ce.

Da wannan idon na koma tarihi, sai na ga ya buɗe mini. A 1914 aka kai wani layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 kacal. Ba don jin daɗin matafiya aka yi shi ba, kuza aka je ɗauka, kuma sai mai iya kwana ne zai hau tsaunin nan ba tare da an kashe kuɗi masu yawa ba. Da babban layi ya isa Jos ta Kafanchan a 1927, sai darajarsa ta ragu, aka rufe shi a 1957. Ashe faɗin layi kaɗai ya isa ya gaya maka abin da mai shi ya zo nema. Namu na Nguru gyaɗa ya zo ɗauka, wancan kuza.

A Ingila da Jamus manya ne masu furfura ke wannan sana'a ta ƙera ƙananan jirage, suna da ƙungiyoyi da mujallu. Har ma'auni gare su, alal misali layi mai faɗin milimita 9 ya tsaya a madadin siririn layi irin na Jos. Mu kuwa da yaro ya tasa sai a ce ya girma, ya bar shirme. Da haka hannunsa ke mutuwa, kalmomin da ya ƙirƙiro wa sassan abin da ya ƙera su ma su bi shi.

Nan ne abin ya shafe mu, mu ɗaliban Hausa. Kullum muna kukan ƙarancin kalmomin kimiyya, muna zaune a aji muna ƙago su, alhali tarago da kwana da dogo a bakin leburori da ma'aikatan tasha suka zauna. Ina kira ga 'yan'uwa masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai, su je wurin tsofaffin ma'aikatan jirgi tun suna raye, su kuma durƙusa gaban yara masu kara da waya, su rubuta abin da suka ji. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. Allah ya sa mu dace.