Littafin Bashin Babana

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da can na ɗauki wannan magana kamar sauran karin maganar da muke haddacewa domin jarrabawa. Ban san nauyinta ba sai da ta kusa hana ni dawowa wannan makaranta.

Babana yana da 'yar rumfa a Haɗeja inda yake sayar da kayan su, watau koma da birgi da ƙugiyoyi da zare da darma. Masu saye masunta ne, waɗansu na cikin gari, amma yawancinsu daga ƙauyukan fadama suke zuwa, wajen Auyo da Kirikasamma da Guri. Shi kuma Baba daga Kano yake ɗauko kayan a wurin wani ubangidansa, ya ba da rabin kuɗi, rabi sai ya sayar. To, ga inda gizo yake saƙar: masunci ba ya bukatar sabuwar koma sai lokacin da ba shi da ko sisi. Da damina yake gyara kayansa, sa'ad da kogi yake cika, abincin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba. Kifi kuwa ba ya kamuwa sosai sai ruwa ya fara janyewa da kaka, tarwaɗa da karfasa sun taru a tafkuna. Saboda haka in Baba ya ce ba ya ba da bashi, sai dai ya rufe rumfa ya koma gida.

Baba yakan ce a zamanin mahaifinsa kowa ya san lokacin zuwan ruwa da lokacin tafiyarsa, don haka an san lokacin biya. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, halin kogin ya sake. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, wani wuri ya bushe, wani kuma ruwa ya kwanta ya ƙi tashi. Sa'an nan a 2022 aka yi ambaliyar da ba zan manta ba. Samarin Haɗeja a bakin jinga suke kwana suna jera buhunan ƙasa don kada ruwa ya shigo gari, a ƙauyuka kuwa gidaje suka rushe, shinkafa ta nutse. Mutane ba su gama farfaɗowa ba sai ga canjin kuɗi a farkon 2023, mai kuɗi a banki ma ya rasa na cefane. Wa za ka tunkara da zancen bashi a irin wannan hali?

Da na zo dogon hutu a wannan shekara ta 2023, na tarar rumfa ta yi fayau. Ubangidan Baba ya aiko cewa ba zai ƙara ba da ko ƙugiya ɗaya ba sai an biya shi na baya. Wata rana da dare Baba ya kira ni zaure ya ce, “Kai yaro, in abin nan bai gyaru ba zuwa ƙarshen shekara, makarantar kwana za ta gagare mu. Kuɗin mota da sabulu da littattafai ba daga sama suke faɗowa ba.” Daren nan ban runtsa ba.

Da gari ya waye na roƙe shi ya ba ni littafin bashinsa in kwafe da boko. Da ajami yake rubutu, hannunsa kuwa mai kyau ne, amma abin da ke ciki sai da ya ba ni dariya duk da ɓacin raina. Ba sunan kowa sosai. Sai ka ga “dogon nan na Guri” ko “surukin mai goro” ko “mai farar hula”. Ba ranar da aka karɓa, ba ranar da za a biya, ba shaida. Da muka ƙidaya, mutum 41 ne, kuɗi ya haura naira 300,000, fiye da abin da ake bin Baba a Kano. Na tuna Malaminmu na addini ya gaya mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, zancen bashi take yi: a rubuta, a yanka lokaci, a kafa shaidu. Da na faɗa wa Baba sai ya yi murmushi ya ce ya haddace ta tun ba a haife ni ba. Ya ce, “Amma mutumin da kuka yi makarantar allo tare, yaya za ka ce masa ya kawo shaida?” Ashe kunya ce ta cinye jarin, ba ambaliya kaɗai ba.

Sai na ɗauki keke da sabon littafina na shiga bin gidaje, ina ganin ni ɗan boko ba ruwana da kunya. Gidan farko na yi sallama, yaro ya leƙo ya ce mai gida ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin zaure, ga kuma tarinsa ina ji. Gida na biyu abokin Baba ne. Na durƙusa na gaishe shi, ya sa aka kawo mini fura, ya tambayi makaranta, ya tambayi Inna, ya ba ni labarin ranar sunana da irin ragon da aka yanka. Har na tashi bakina bai iya furta “kuɗi” ba. Ya ba ni busasshen kifi guda biyu in kai gida. Kwana tara ina wannan yawo a cikin taɓo, abin da na samo bai kai kuɗin facin keken ba.

Inna ce ta warware mini. Ita man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take sayarwa a cikin gida, ba ta rubuta komai, amma ban taɓa jin an cinye mata kwabo ba. Ta ce, “Kai da babanka duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Wa ya taɓa tatsar saniya kafin ta haihu? Watan Agusta ne fa. Kuma ba a bin mutum gida a kunyata shi gaban iyalinsa. Ka tare shi inda kuɗi yake shiga hannunsa, ka karɓi kaɗan, gobe ma ka dawo.” Ita ce ta sayar da akuyarta na koma makaranta a watan Satumba.

Inda kuɗi yake shiga hannun masunci kuwa kasuwar kifi ce. Can yake kawo banda, dillali ya sayar wa fatake masu kai wa Kano da Kudu, ya cire la'adarsa, ya miƙa masa sauran. Da kaka ta yi, Baba ya daure ya sayi goro ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya gaya musu gaskiya cewa shi ma ana binsa, ya roƙi kowa ya yarda a gaban dillalinsa cewa duk ran da ya sayar zai ajiye wani abu, shi da bakinsa zai faɗi nawa. Da na zo hutun Disamba, ni nake zama a gefen dillalai da littafi. Wani ya ba da 2,000, wani 5,000, in rubuta a gabansa in karanta masa abin da ya rage. Abin mamaki, mutumin nan mai takalma a bakin zaure shi ya fara gama nasa, har yana tsokanata wai ya ji sallamata sarai ran nan, aljihunsa ne bai ji ba.

Ba duka aka samu ba. Akwai wani dattijo da ruwa ya ci gidansa da jirginsa, Baba ya karɓi alƙalami ya soke sunansa, ya ce a cikin surar nan dai an yi umarni a saurara wa wanda yake cikin ƙunci, yafewa kuma ta fi. Na ji zafin kuɗin, amma ban ce komai ba. Wanda har yau nake jin haushinsa ba masunci ba ne, wani ma'aikaci ne mai albashi duk wata, wanda ya karɓi birgi don su na sha'awa. Kullum sai ya ɗaga waya ya ce ya turo, wai layi ne ba kyau. Layin nan har yanzu bai gyaru ba.

Kafin in koma makaranta a Janairun 2024 an biya ubangida, kaya sun dawo rumfa. Yanzu duk mai son bashi sai Baba ya rubuta cikakken sunansa da ƙauyensa da sunan dillalinsa, kuma tun a ranar ake yanka wata. In mutum ya ɓata fuska, sai Baba ya nuna littafin ya ce, “Ba ni ba ne, ɗan makarantar nan ne ya kafa doka.” Ni kuwa na yarda in ɗauki laifin.

A nan makaranta ma ba mu tsira ba. Akwai waɗansu a ɗakin kwananmu da suka ci mini garin kwaki da sukari tun zangon farko, da wani mai gado kusa da taga da nake bi naira 500. Ba zan faɗi suna a mujalla ba, kuma ba zan ƙara binku aji ba. Na dai duba allon sanarwa na ga ranar ziyarar iyaye ta kusa, kuma a bakin ƙofa zan tsaya da littafina.