Ɗan lido da dokar faɗuwa ɗaya

A Ingila akwai wani wasan ƙwallo da ake yi kan tebur, sunansa Blood Bowl. Jervis Johnson ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Games Workshop ya fitar da shi a 1986. Ba irin tamaularmu ba ce, ya fi kama da ƙwallon Amurka da ake runguma a hannu, kuma ƴan wasan ƴan gumaka ne na dodanni da wadanni irin na tatsuniya. Kowane ɓangare na da ƴan wasa 11 a fili, kowa na da juyi 8 kafin hutun rabin lokaci, 8 bayansa. Dodannin ba su dame ni ba. Abin da ya ja hankalina, ni da nake fama da koyar da lissafi, shi ne yadda ɗan lido ke mulki a wasan.

Duk abin da ke da haɗari sai an jefa ɗan lido mai fuska shida: ɗaukar ƙwallo, jefa ta, zille wa abokin gaba. Gwani na buƙatar ƙaramar lamba, ɗan koyo babba. Amma 1 kullum faɗuwa ce komai gwanintarka, 6 kuma kullum nasara. Idan za a bangaje wani, akwai ɗan lido na musamman mai zane maimakon ɗigo. Fuska ɗaya mai bangaza ne ke faɗuwa, ɗaya su faɗi tare, biyu a tura abokin gaba baya, sauran biyun su ne ke iya kayar da shi. In ƙarfinku ɗaya, ɗan lido guda za a jefa. In ɗaya ya fi ƙarfi, a jefa biyu, mai ƙarfin ya zaɓi wanda ya so. In ya wuce ninki biyu, uku.

Dokar da ta fi ba ni sha'awa ita ce wannan: da zarar ɗan wasanka ya faɗi ko ƙwallo ta suɓuce, juyinka ya ƙare nan take, ko da sauran goman ba su motsa ba. Ana ba ƙungiya ƴan damar sake jifa, amma ƙidayayyu ne, kuma jifan da aka sake ba a sake shi. Saboda haka ƙwararru kan fara da motsin da ba ya buƙatar jifa ko kaɗan, sannan mai ƙaramin haɗari, su bar gangancin ƙarshe.

To ga lissafin da nake kaiwa aji. Ɗan wasa na iya ƙara taku bayan nasa ya ƙare, muddin bai jefa 1 ba. Dama 5 cikin 6 ke nan, yara su ce ai wannan tabbas ne. Sai in ce a yi sau uku a jere. 125 cikin 216, wajen kashi 58 cikin 100. Sau huɗu, ya riga ya gaza rabi. Ba sa yarda da allo, don haka nakan raba su rukuni-rukuni da ɗan lido, kowane rukuni ya yi ta jifa yana rubutawa. Surutu kam ana sha, maƙwabcin ajina shaida ne, amma ranar ninka ɓangarori ke zama a kansu.

Na san akwai iyayen da ganin ɗan lido a hannun yaro kaɗai ke tayar musu da hankali, suna tuna caca. Ban raina wannan tsoro ba. Sai dai cacar da ke cin samarinmu yau a cikin waya take, inda yaro ke haɗa wasannin Turai goma a tikiti ɗaya don kowanne a ganinsa tabbas ne. A ce ma kowane wasa damarsa 5 cikin 6 ce, wanda da wuya ta kai haka. Damar goman su fito duka ba ta wuce kashi 16 da ɗan ɗoriya cikin 100 ba, kuma wasa ɗaya ya kuskure tikitin ya mutu, daidai da dokar faɗuwa ɗaya. Wannan lissafin nakan bar shi a kan allo har a tashi, in ce kowa ya kwafe shi a bayan littafinsa ya nuna wa yayansa a gida.