Igiya Tsakanin Babur da Mota

Babur ƙirar Boxer bai fi kilo 120 ba, ita kuwa tsohuwar Golf ta kai tan guda. Duk da haka sau biyu ina ganin ɗan acaɓa ya ɗaura igiya yana jan mota tsakanin Batsari da Safana, direba ya leƙo kai yana ta cewa, “A hankali, ɗan'uwa!”

A tudu babur ne ke wahala, kulocinsa na ƙonewa. A gangare kuwa rai ne. Motar da injinta ya mutu birkinta kan yi tauri, sai ta taho da nauyinta, igiya ta saki, ta hau kan mai jan ta. Direba yana cikin ƙarfe, yaron nan kuwa ko hular kwano babu. Ni a wurina wannan tuƙin ganganci ne, kuma dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta sa shi cikin laifuffuka.

To amma, mai karatu, wa zai zauna gadin mota a gefen dajin Rugu bayan la'asar? A 2021, zamanin Gwamna Masari, an yanke layin waya a ƙananan hukumomin nan biyu, ko makanike ba ka iya kira. Lokacin ne wani malami abokin aikina ya kwashe takardun jarrabawar ɗalibai, ya kulle motarsa, ya hau bayan babur ya bar ta nan. Washegari da safe aka je da a-kori-kura aka jawo ta.