Daga Marakash zuwa Fum Zigid: Lissafin Hanyar Dutse da Rairayi

A garin Zagora da ke kudancin Maroko akwai wani sanannen allo mai zanen raƙuma, an rubuta a jikinsa cewa daga nan zuwa Tambutu kwana 52 ne. Wanda ya rubuta shi bai ambaci kilomita ba, domin ba da shi ayari ke auna tafiya ba. Madugu yana ƙirga zango da rijiya, da kwanakin da ruwan salka zai kai. Wata uku ke nan muna shirin ratsa wannan yanki da mota, mu huɗu, kuma duk lokacin da na buɗe taswirar waya sai in ga awon madugun ya fi nata amfani.

Hanyar da muka zaɓa za ta tashi daga Marakash, ta haura tsaunukan Atlas ta mashigin Tizin Tishka, wanda tsayinsa ya haura mita 2,200, ta gangara Warzazat, ta bi kwarin Dar'a mai gonakin dabino har Zagora da Mahamid, inda kwalta ta ƙare. Daga nan sai a juya yamma, a bi ta tuddan rairayi na Shigaga da busasshen tafkin Iriki, a ɓulla Fum Zigid. Marakash zuwa Warzazat kusan kilomita 200 ne, bai kai Kano zuwa Kaduna ba, amma kwane-kwanen dutse kan cinye wajen awa huɗu. Ɓangaren da ba kwalta shi ma bai kai kilomita 200 ba, duk da haka kwana biyu muka ware masa, muka ƙara wasu biyu na ko-ta-kwana.

Kan waɗannan kwanaki huɗu aka gina sauran lissafin. Lita shida na ruwa ga kowane mutum a yini, mutum huɗu, kwana huɗu: lita 96 ke nan, kusan kilo 100 kafin a ɗora jakar kowa. Alwala ba ta cikin wannan adadi. Inda rairayi ya yi yawa haka, taimama ba ta wahala. Mai kuma ya fi ruwa ruɗi. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 bisa kwalta tana iya kaiwa 20 a rairayi mai laushi, saboda injin yana gurnani tayoyi na juyawa amma tafiyar kaɗan ce. Don haka za mu cika tanki a Zagora, mu riƙe jarkoki, kuma mun yarda tun yanzu cewa idan rabin man ya ƙare ba mu kai rabin hanya ba, juyawa za mu yi. Na nace a rubuta wannan sharaɗi a takarda, domin na san yadda gardamar maza huɗu take idan rana ta take kuma kowa yana jin kunyar ya fara cewa a koma.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda dutse da rairayi ke neman abubuwa masu karo da juna daga mota guda. Rairayi yana son a sace iskar taya, a rage ta zuwa kusan rabi, don tafinta ya baje kamar na raƙumi, motar ta yi ta shawagi a sama maimakon ta haƙa wa kanta rami. To amma hamadar kudancin Maroko yawancinta tsakuwa ce da duwatsu masu kaifi, tuddan rairayin tsibirai ne a cikinta. Tayar da aka sassauta, da ta hau irin wannan ƙasa, gefenta ke tsagewa, kuma gefen taya ba ya karɓar faci. Ke nan a yini ɗaya ana iya sace iska a mayar da ita sau uku ko huɗu. Shi ya sa famfon iska mai aiki da batirin mota ya zo gaba da tanti a jerin kayanmu, tare da safayar taya biyu, shebur, igiyar ja, da katakon da za a ɗora jak a kai don kada ya nutse.

A kan dutse kuwa nauyi ne abokin gaba. Duk jarkar da aka ɗaure a rufin mota tana sa ta rinjaya a kwana, saboda haka ruwa da mai ƙasa za su zauna, tsakanin tayoyi. Gangara ta fi hawa haɗari. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanya yakan ɗora ƙafa a birki tun daga sama, birkin ya yi zafi, ya daina kamawa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ƙaramar giya ce ke riƙe mota a gangara, birki taimako ne kawai.

Da na fara shirin, zafi na ɗauka zai yanke mana lokacin tafiya, kuma lallai ya kore mana watannin bazararsu, inda ma'auni kan wuce digiri 45. Sai dai ruwa ma yana da ta cewa. A watan Satumbar 2024 an tafka ruwan sama a kudu maso gabashin Maroko, ambaliya ta kashe mutane ta yanke hanyoyi, tafkin Iriki da ya shafe shekaru masu yawa a bushe ya cika. Wannan tafki shi ne hanyar da taswira ke nuna mana a matsayin fili mai santsi. Ko bayan ruwan ya janye, samansa kan bushe ƙasansa na taɓo, kuma motar da ta faɗa taɓo ta fi wadda ta kafe a rairayi wuyar fitarwa. Haka nan ba a kwana a cikin busasshen rafi komai laushin yashinsa, domin ruwan da ya sauka kan tsauni mai nisa yana iya isowa da dare alhali samaniyarka garau take. Da sanyi kuma dusar ƙanƙara kan rufe Tizin Tishka. Tsakanin waɗannan muka tsaya kan farkon Nuwamba.

Akwai batun takarda, wanda ba ya da daɗin karantawa. Kamfanonin hayar mota da dama suna ba ka motar da duk tayoyinta huɗu ke ja, sannan a ƙananan rubutun yarjejeniya su ce inshora ba ta shafi abin da ya faru a wajen kwalta ba. Sai an tambaya, kuma a karɓi amsar a rubuce.

Gardamar da ta fi tsawo a tsakaninmu ta ɗan jagora ce. Biyu daga cikinmu na ganin na'urar nuna hanya ta wadatar, kuɗin jagora ɓarna ne. Ni ban yarda ba. Na'ura tana nuna inda wata mota ta bi bara. Ba ta san inda iska ta tara rairayi makon jiya ba, ba ta san wane rafi ne ya kawo ruwa ba. Ga shi Mahamid ba ta da nisa da iyakar Aljeriya, wadda ke rufe tun 1994, kuma ba wurin da baƙo zai so ya yi makuwa ba ne. Ɗan gari zai zo da tasa motar, wanda ke nufin idan ɗaya ta kafe akwai mai jan ta, idan ta mutu akwai mai zuwa neman bakanike. A ƙarshe dai mun raba kuɗin huɗu. Sharaɗin da ya kafa mana ta waya shi ne mu bar Mahamid da asuba, tun rairayi na da sanyi da tauri, kuma kafin azahar a kafa zango ko'ina aka kai.